Yadda Na Ɓata Sunan Sabulun Gwaggo Hansai

Ni ne ba ni da gaskiya. Gara in faɗa tun da fari, kada wani ya karanta rabin takardar nan ya ajiye yana zaton Haladu mai wanki aka zalunta. Babu wanda ya zalunce ni. Ni na ɗauki laifin ruwa na ɗora wa wata tsohuwa, na kuma bar shi a kanta shekara guda da 'yan watanni, har bayan na san ba nata ba ne.

Kafin in kai can, sai na ɗan yi muku bayanin sana'ar, ku samarin da kuke wucewa ta gaban rumfata a nan Gumel kuna cewa wanki ai ba sana'a ba ce, ko ƙanwarku 'yar shekara bakwai ta iya. Ƙanwarku ta iya wanke tsumman goge kwano. Ku ba ta farar shadda mai aiki a wuya, wadda mai ita ya wuni da ita a kasuwar shanu ta Maigatari, ya ci tsire ya goge hannu a bakin aljihu, ya dawo a gaban babbar mota yana tauna goro. Ku ce ta mayar da ita yadda mutum zai shiga sahun farko ranar Juma'a ba tare da ya sunkuyar da kai ba. In ta yi, ku zo in bar mata rumfar.

Rigar da na fara wankewa da hannuna ta wani malami ce mai makaranta a bayan kasuwa, kuma sai da na shekara a wurin Baba Ilu kafin ya yarda na taɓa ta. Baba Ilu shi ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa. A shekarar farko aikina jan ruwa a tsohuwar rijiyar unguwa, hura gawayi a dutsen guga, da laluben aljihu kafin a jiƙa kaya. Laluben aljihu kansa ilimi ne. Ɓarin goro guda da aka manta ya isa ya ɓata riga har abada. Na ciro carbi, na ciro takardar asibiti, na taɓa ciro makullin da mai shi ya riga ya fasa ƙofar ɗakinsa saboda shi. Ranar rigar malam kuwa, Baba Ilu ya ba ni ƙullin bula ya ce in tsoma a ruwan ɗauraya in ƙirga uku in cire. Ni kuma na ga in uku ta yi kyau, goma za ta fi. Rigar ta fito kamar daga marina. Bai doke ni ba. Ya sa na ɗauraye ta sau bakwai, kowace ɗauraya kuma ni zan je rijiya in jawo ruwanta.

A wurinsa na koyi dama sitaci da tafasasshen ruwa a tace shi da ƙyalle don kada ya yi gudaji. Na koyi gane zafin dutsen guga ta hanyar kanga shi kusa da kunci, da yadda ake kaɗe toka daga cikinsa nesa da farin kaya. Na koyi cewa aikin wuya ta baya ake guge shi, in ba haka ba zaren ya kwanta ya mutu. Na koyi yadin da ke zuba da wanda ba ya zuba, da mutumin da zai ce ya kawo riga huɗu alhali uku ya kawo. Abu ɗaya ne Baba Ilu bai taɓa yi mini darasinsa ba, shi ne ruwa. Ba laifinsa ba ne. Ruwa ɗaya muka sani, na rijiyar nan, kuma bai taɓa ba mu wahala ba sai ta ja.

Sabulu kuwa daga wurin ƙanwarsa muke saye, Gwaggo Hansai. Tana dafa sabulun soda a rabin duro a tsakar gidanta, ta zuba a akwatin katako, in ya daskare ta yanka shi sanda-sanda da zare. Kafin ya gama bushewa takan danna babban yatsanta a ƙarshen kowace sanda, shi ne tambarinta. Ba ta da gona, ba ta da ɗa a gari. Da sabulun nan take ci, kuma ban taɓa jin ta roƙi kowa ko gishiri ba. Bayan rasuwar Baba Ilu na ci gaba da saye a wurinta shekara da shekaru. Matan unguwa in za su aiki a sayo musu sai su ce a karɓo irin wanda Haladu ke wanki da shi.

Sai aka haƙa rijiyar burtsatse a gefen unguwarmu, aka ɗora tanki, aka fara jan famfo gida-gida. Ni da na fi shekara talatin ina jan guga, da na ji labarin sai da na yi nafila. Na sayar da ragon da nake kiwo don layya, na ja famfo har cikin rumfa. Duk wanda ya kawo wanki sai na murɗa masa ya gani, ko da gidansa ma akwai. Ba a daɗe ba aka rufe bakin tsohuwar rijiya da siminti, saboda akuyar wani ta faɗa ciki kuma babu mai buƙatarta.

Aikin farko da na yi da ruwan famfon rigunan Alhaji Ɗanjuma ne guda biyar. Alhaji yana da manyan motoci masu ɗaukar shanu daga Maigatari, kuma shi ne babban mai kawo mini aiki. Na cika baho, na goga sabulu, ban ga kumfa ba. Na ƙara gogawa. Sai wani abu fari-fari ya taso yana yawo a saman ruwan kamar nonon da ya tsinke, yana manne wa gefen baho. Sandar da takan yi mini riga goma ta ƙare a riga uku. Da kayan suka bushe, sai farin ya koma toka-toka, yadin ya yi tauri tun ban sa sitaci ba. Alhaji ya ɗaga riga ɗaya a rana, ya juya ta, ya ce, “Haladu, rigar Juma'a na kawo maka, ka ba ni ta zuwa gona.”

A 'yan watannin nan duk unguwar kowa ya sami abin ƙorafi, kowa kuma ya sami wanda zai zarga. Isiya mai shayi ya ga gindin butarsa ya yi farin ɓawo, shayin kuma yana yin wata farar yana a sama, sai ya ce masu ganyen shayi ne suka fara algus. Mata suka ce wake ya daina nuna, sai itace ya ƙare yana nan kamar tsakuwa, suka sa masu awo a gaba. Gashin 'yan mata ya riƙa cukurkuɗewa, mai kitso ta ce man da iyayensu ke saye ne ba shi da kyau. Jikin maza ya yi fari fat bayan wanka, aka ce sanyin bana ne. Bakin famfo ya riƙa toshewa, mai gyara ya ce bututun araha aka sa. Ko maiɗakina da ta ce itacen girki ba ya isarta, ce mata na yi ta koyi ɓarna a gidan biki. Babu wanda ya kalli ruwan. Yaya za a zarge shi? Garai-garai yake fitowa, ka zuba a kofi ka ga ƙasan kofin. Na rijiya ne mai ɗan duhu da tsinken ciyawa.

Ni nawa rabon zargin sai ya faɗa kan Gwaggo Hansai. Wata safiya a teburin Isiya, ana ta ƙorafi, na ce ai tsufa ya kama Gwaggo, ta fara cuɗa sabulunta da farar ƙasa don ya yi auki. Na ce duk mai shakka ya duba abin da ke tasowa a bahon matarsa. Ban ga farar ƙasa a gidanta ba. Ban ma je gidan ba. Abin da ya sa na faɗa shi ne, in ba sabulu ba ne to famfo ne, famfon kuma rago na sayar na ja shi, na tara mutane na nuna musu.

Da wani ne ya faɗi wannan magana da ta mutu a teburin. Amma mai wanki ne ya faɗa, kuma almajirin yayanta. Kafin mako ya zagayo ta shiga kowane gida, kuma kowace mace ta ga shaida a bahonta. Aka daina aike gidan Gwaggo. Ranar da maiɗakina ta haɗu da ita a wurin suna, Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi a gaya wa Haladu ya ɗanɗana ruwansa. Na ce a gaya mata kullum shi nake sha kuma ban mutu ba.

Na koma garin sabulu na kanti. Shi yana kumfa ko ba daɗi, sai na ƙara samun bakin magana. Amma yana cin hannu, yana kashe ƙyallin shadda, yana koɗar da zaren aiki, farin kuma bai dawo yadda yake ba. Tsakanin yatsuna ya tsattsage har ba na iya damƙar dutsen guga sai da tsumma. Alhaji ya kwashe kayansa ya koma ba wani mai wanki a Maigatari. Malamai biyu suka bi bayansa. Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Akwai ranar Alhamis, ranar da a da ko abinci a tsaye nake ci, da na wuni ina korar ƙuda, igiyoyina babu komai a kai sai zanin gadon asibiti guda biyu.

Gab da damina na je Ɗanzomo sunan ɗan wani abokina. Ana cin abinci miyar kuka ta zubo mini a gaban riga. Maigidan ya sa aka kawo mini ruwan rijiyarsu a bokiti da sabuwar sandar sabulu. Gogawa biyu na yi, kumfa ta taso har gwiwar hannu. Na manta da a gidan mutane nake, na tsaya ina yi wa jama'a wa'azi. Na ce ku ga sabulu na gaskiya, irin wanda muka rasa a Gumel tun da tsofaffinmu suka daina jin tsoron Allah. Na tambayi inda suke samunsa. Abokina ya ce ai daga Gumel ɗin yake zuwa, wata tsohuwa ce aka daina saye a unguwarsu, shi ne wani mai kanti a nan yake karɓo mata yana sayarwa. Na juya sandar. Ga yatsan Gwaggo a ƙarshenta.

Na dawo gida da sandar a aljihu da ruwan rijiyar a jarka. Da azahar, lokacin da babu kowa a hanya, na zaga bayan rumfa da baho biyu, ɗaya ruwan Ɗanzomo, ɗaya na famfona. Sabulu ɗaya, hannu ɗaya. Wancan ya yi kumfa, wannan ya tsinke. Na sake, na kuma sakewa, ko Allah zai sa sakamakon ya canza. Bai canza ba.

A nan ne mutumin kirki zai wanke hannu ya tafi gidan Gwaggo. Ni ga abin da na yi. Damina ta sauka, na jera duro uku a ƙarƙashin indararo ina tarar ruwan sama. Na riƙa ba wani mai babur saƙo yana sayo mini sabulun Gwaggo daga Ɗanzomo. In ya kawo, sai in sa wuƙa in yanke ƙarshen da ke da yatsan, in jefa bayan randa a gida. Kaya suka koma fari tas. Masu tambaya na ce musu wani sabulu ne nake samowa daga Damagaram, ba kowa ake sayar wa ba. Alhaji ya ji labari ya dawo. Direbansa, mutumin can ƙetaren iyaka ne, ya ɗauki sandar ya sansana, ya ce shi a Damagaram aka haife shi, a wace butik, wato kanti, ake sayar da wannan? Na ce masa ta cikin lungu ce, ba lalle ya san ta ba.

Wata huɗu na yi ina cin abinci da sabulun matar da na hana ci. Sabulun yana fita daga unguwarmu a kan babur, ya je Ɗanzomo, ya dawo unguwarmu a kan babur, alhali tsakanin rumfata da gidanta bai kai tafiyar da shayi zai huce ba.

Damina ta ɗauke. Duro na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare, na uku ya rage kamar bokiti biyu a gindi. A makon ne Alhaji ya aiko da riguna tara, nasa da na 'yan'uwansa, za su ɗaurin auren ɗansa a Gagarawa ranar Asabar. Ya ce da na Damagaram ɗin nan za a wanke. Na zauna ina kallon rigunan ina kallon famfo. Da rana na shiga gida cin abinci, maiɗakina ta ajiye mini kwano a rufe. Na yi bisimilla na buɗe. Guntayen sabulu ne cike da shi, kowanne da yatsa a jiki.

Ta ce, “Malam, na share bayan randa. Ko ka kai mata kayanta, ko ni in kai.”

Na ce ta bari sai bayan bikin Alhaji. Ta ce to, shi ma tuwon sai bayan bikin Alhaji.

Na sami Gwaggo a tsakar gida tana tace toka. Rabin duron da take dafa sabulu yana kife a gefe, kaji sun hau kai, alamar ya kwana biyu bai ga wuta ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwanon. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ta ce mai kantin Ɗanzomo ya daɗe da gaya mata akwai wani mutumin Gumel da ke sayen sabulunta yana mayar da shi Gumel, ta yi ta tunanin wane ne wannan mai wayo haka. Na fara kame-kame, ta ce in bar wannan tukuna, me ya kawo ni? Don ta san ba kunya ce ta kawo ni ba, kunya ba ta yin wata huɗu a hanya. Na gaya mata maganar riguna tara.

Ta sa na tari ruwan famfonta a bokiti. Ta kamfato ruwan tokar da ta tace, ta zuba kaɗan, ta juya da muciya. Ruwan ya yi fari kamar an zuba masa nono. Ta ce a bar shi ya kwanta. Muna zaune tana yi mini bayani kamar yaro. Ruwan sabuwar rijiya daga can ƙasa yake fitowa, yana da zartsi, yana da nauyi, shi yake cinye sabulu kafin sabulu ya ci dauɗa. Abin da ke manne wa butar Isiya shi ne yake shiga zaren riga. Ta ce tun makon da aka kawo famfo ta sa a harshe ta gane, don mai dafa sabulu ba ta zuba ruwan da ba ta ɗanɗana ba. Buta a dafa tsamiya a ciki, ɓawon zai saki. Wake a jefa masa 'yar kanwa. Wanki kuwa a yi masa abin da na gani. Bayan la'asar farin ya kwanta a gindin bokiti, ta tsiyaye na saman a hankali, ta miƙo mini guntu ɗaya daga kwanona. Kumfa ta tashi.

Na ce, “Gwaggo, kin san duk wannan, me ya hana ki gaya wa mutane?”

Ta ce, “Na gaya musu, ɗan nan. Suka ce mai wanki ya fi ni sani.”

Na ce ta yafe mini. Ta ce a nan tsakar gidan babu abin da na yi mata, don haka babu abin da za ta yafe a nan. Ta tambaye ni inda na yi maganar farar ƙasa. Na ce teburin Isiya. Ta tambayi lokacin. Na ce da safe, bayan an fito masallaci, lokacin da benci ke cika. Ta ce to ita ma ta daɗe ba ta ga yadda ake shan shayi a waje ba.

Rigunan Alhaji sun fita, an je Gagarawa an dawo babu ƙorafi. Ranar Lahadi da safe na ɗauki baho biyu na kai gaban teburin Isiya. Gwaggo ta zo da mayafinta, aka kawo mata kujera aka ajiye a gefe. Benci ya cika, har direban Alhaji yana nan da kofinsa. Na zuba ruwan famfo a baho ɗaya, wanda aka kwantar da toka a ɗaya, na wanke hula a kowanne kowa yana gani. Isiya ya leƙa bahon farko, ya leƙa cikin butarsa. Direban ya tambaya ko wannan ne na Damagaram ɗin. Na ce shi ne, kuma ga mai butik ɗin nan a zaune.

Da dariya ta lafa, na juya wajen Gwaggo na durƙusa, na faɗi abin da na zo faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ta karkato kai ta ce ai na san tsufa ya kama ta, ni na ba da sanarwar, kunnen ya yi nauyi. Na maimaita. Ta tambayi wani dattijo da ke ƙarshen benci ko shi ya ji, ya ce shi ma bai ji ba. Sai na miƙe tsaye, na juya na fuskanci titi, yadda masu wucewa da matan da ke bayan katanga za su ji.

Na ce, “Jama'a, ni Haladu mai wanki na ce Gwaggo Hansai tana zuba farar ƙasa a sabulunta. Ƙarya na yi. Ban gani ba, ba a gaya mini ba. Ruwan famfona ne, kuma na sani tun kafin damina na yi shiru. Sabulun Damagaram da nake faɗa muku nata ne, ni nake yanke yatsanta da wuƙa. Duk wanda ya kai waccan maganar gidansa, don Allah ya kai wannan yau. Gwaggo, na cuce ki. Ki yafe mini.”